Sirdin 'Yar Yaya

Wanda ya saba zuwa bakin tafkin Jabi ran Asabar ko Lahadi da yamma a 'yan shekarun baya ba zai rasa tuna wani dattijo dogo siriri ba, mai hular da ta sha wanki har ta manta launinta, yana janye da farin doki. Sunansa Lukmanu, amma a wurin nan Baba Mai Doki aka san shi. Sana'arsa ba ta da wuyar bayani. Ya ɗora mutum a kan doki, ya ja ragama har gindin wata bishiya a bakin ruwa, ya juyo da shi, a ɗauki hoto, a sallame shi. Yara su yi ihu, 'yan mata su ƙanƙame wuyan doki suna salati, manyan ma'aikata kuwa su haɗe rai a kan sirdi kamar gadon gidansu ne, alhali ƙafarsu na rawa a cikin likkafa.

Dokin kuma sunansa Darakta. Muhyiddeen mai hoto, wanda suke neman abinci tare a wurin, shi ya raɗa masa sunan, wai don ba ya fitowa da wuri, ba ya sauri, kuma in ya tsaya babu mai matsar da shi sai ya ga dama. Lukmanu bai so sunan ba da farko, amma da ya ga dokin yana ɗaga kunne in an kira shi, sai ya haƙura.

Lukmanu mutumin wani ƙauye ne a wajen Mai'adua. Mahaifinsa dillalin dawaki ne, don haka a ƙarƙashin cikin doki ya yi rarrafe. Sai dai dillanci ba gona ba ne da za a bar wa ɗa. Da tsohon ya rasu, ruwan sama ya yi gardama shekara biyu a jere, Lukmanu ya bi motar 'yan cirani ya sauka Abuja lokacin ana ta gina ta. Ya ɗauki bulo, ya tura baro, ya yi shekaru a kasuwar Zuba yana sauke lemo da ayaba har bayansa ya fara ƙorafi. A Zuban nan ne wata rana tirelar dawaki da za ta kudu ta lalace a bakin titi, aka sauke dabbobin su sha iska. A cikinsu akwai wani duƙushi fari, ƙashi da fata, wanda direban ya tabbata ba zai kai Lokoja da rai ba. Lukmanu ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa ƙafafunsa, ya kwance abin da ya tara ya saya. 'Yan dako suka yi ta masa dariya, suna cewa ya sayi gawa da kuɗinsa. Ya ja abinsa a ƙasa har Kuchigoro, ya kafa turke a bayan ɗakin langa-langar da ya kama haya, ya yi ta jinyarsa da dusa da kanwa da harawa har ya zama doki.

Tun daga nan su biyu ne. Lukmanu ba mai yawan magana ba ne da mutane, amma da Darakta har gardama yake yi. In ya sayi rake, rabin na doki ne.

'Ya ɗaya gare shi a duniya, Hadijatu, kuma ita ce ta fari. A ƙauyensu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a bainar jama'a, ba ya yabonsa, ba ya ma yi masa faɗa da bakinsa, sai dai ya aika. Mahaifiyar Hadijatu ta rasu tana goye da ita, aka miƙa ta ga yayar Lukmanu, Maiturare, ita ta raine ta har ta aurar da ita. Lukmanu ya ƙara aure sau biyu, ba wanda ya zauna, kuma Allah bai sake ba shi haihuwa ba. Duk da haka bai sassauta ba ko da rana ɗaya. In zai ambace ta sai ya ce 'yar Yaya. In akwai abin da yake so ta sani, Yaya Maiturare yake faɗa wa, ita ta san yadda za ta isar. Da Yayar ta rasu, sai aka rasa mai isarwa.

Aure ya kawo Hadijatu Kubwa. Mijinta direban bas ne, ita kuma tana shara da goge-goge a wani asibitin kuɗi a cikin gari. Jefi-jefi ran Lahadi takan zo Jabi da kular tuwo. Ta durƙusa daga nesa kaɗan ta ce, "Baba, ina wuni?" Shi kuwa ya tsura wa kunnen doki ido ya ce, "Lafiya. Mutanen gida lafiya?" In yana da magana sai ya juya wajen mai hoto: "Muhyiddeen, ka ce wa 'yar Yaya ta daina wahalar da kanta da kawo abinci daga Kubwa." Ita tana nan a durƙushe, tana ji. Muhyiddeen ɗan birni ne, haifaffen Abuja, abin yana ba shi dariya, wani lokaci kuma ya ba shi haushi. Yakan ce, "Baba, ga ta a gabanka fa, ni ba network ba ne." Lukmanu ya yi kamar bai ji ba.

Kada wani ya ɗauka ba ya son ta. Yana son ta so mai ciwo, irin wanda ba shi da ƙofar fita. In ta juya za ta tafi, yakan bi ta da ido ta ƙarƙashin wuyan doki har ta ɓace a cikin mutane.

Sirdin da yake aiki da shi na gida ne. Wani baduku ne a Zariya ya haɗa masa, bayan Lukmanu ya lanƙwasa waya a gadon bayan Darakta ya kai masa awo. Itace ne aka sassaƙa aka lulluɓe da jar fata, da kwacciya mai tsayi gaba da baya, da zubka mai kauri a ƙarƙashi. A bayan dokin ya zauna daram. Matsalar a wajen mahayi take. Wanda ya tashi da hawa bai san sirdin nan yana da tauri ba, amma mutumin da ya saba da kujerar ofis da ta mota in ya yi zagaye ɗaya a kai, sai ya sauko yana tafiya a wawware kamar wanda aka yi wa kaciya. Kullum sai an yi mita. Lukmanu yakan ce, "Haka hawa yake, Oga," a yi dariya a wuce.

Wata Lahadi ba a yi dariya ba. Wata budurwa ce, kwacciyar ta murje mata cinya ta kuma yage mata gefen riga. Ta sauko tana zage-zage da Turanci da Hausa da broka, tana nuna dattijon da yatsa a fuska. "This one na punishment! Katako ka ɗora mini? Tsoho da kai ba ka da hankali?" Mutane suka taru. Lukmanu ya tsaya riƙe da ragama yana cewa, "Yi haƙuri, Hajiya," ga yarinyar da ya yi jika da ita. Hadijatu tana zaune a kan benci da kularta, ta ga komai. Ranar ko sallama ba ta iya yi da kyau ba.

Bayan 'yan watanni ta ɗauki adashinta na wurin aiki. Ba ta sayi atamfa ba, ba ta sayi firjin da take ta buri ba. Ta nemi wani mai sayar da kayan tokumbo da ta gani a waya, ta zo Jabi da jakar bakko a ka, ta sauke a gaban mahaifinta, ta koma gefe ta durƙusa.

Muhyiddeen ne ya zuge jakar. Sirdin Turawa ne, ruwan ƙasa, fatar tana sheƙi, mazauninsa da laushi kamar burodi, likkafunsa farin ƙarfe. Ba jabu ba ne, wannan kam Lukmanu ya gani tun kafin ya taɓa. Ɗinkin ya yi kyau, fatar ta gaske ce, wanda ya yi shi ya san aikinsa. Ya kwance tsohon sirdin ya ɗora sabon, ya ja majayi ya ɗaure ta ƙarƙashin cikin doki, sannan ya zura hannu ta gaba, ƙarƙashin goshin sirdin, yadda ya ga mahaifinsa yana yi. A ƙa'ida yatsu su shige su yi wasa tsakanin sirdi da tudun ƙashin nan da ke tsakanin kafaɗun doki. Ko ɗan yatsa ɗaya bai shiga ba. An yi sirdin ne don manyan dawakin can masu faɗin baya kamar gado. Darakta kuwa dokin Arewa ne, siriri, mai tsinin ƙashi. Sirdin ya yi masa faɗi, ya zauna a kan ƙashin kai tsaye.

Ya san abin da hakan yake nufi tun bai zare hannunsa ba. Ya ɗago zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan fuskarta. Tana kallon ƙasa, amma bakinta ya kasa rufuwa don murna, tana ta murza gefen gyalenta. Rabonsa da ya ga fuskar nan haka tun tana yarinya, ranar da ya aika mata da takalmin Sallah ta hannun Yaya, ya laɓe a zaure yana kallo.

"Muhyiddeen," ya ce, "ka ce wa 'yar Yaya Allah ya yi albarka. Allah ya ba ta masu yi mata."

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. To shi mutumin da bakinsa ba ya iya yabo fa? Ba shi da wani tukuicin da ya wuce a gan shi yana amfani da abin.

Da farko ya yi dabara. Ranar da yake tsammanin zuwanta ya ɗaura sabon, sauran ranaku ya koma wa na Zariya. Abin ya tafi daidai har wata ranar hutun gwamnati da aka tashe su aiki da wuri, ta biyo ta Jabi ba zato. Ta tarar da jar kwacciyar nan a bayan doki. Ta gaishe shi kamar kullum, ta ɗan zauna, sannan ta matsa kusa da mai hoto ta yi ƙasa da murya.

"Sabon bai yi ba ne?"

Muhyiddeen ya fara kame-kame, wai an kai shi a goge ne.

"Ba komai," ta ce. "Dama ni me na sani a kayan doki? Na dai ga yana da kyau ne."

Lukmanu yana bayan doki yana yi kamar yana duba kofato, ya ji kowace kalma. Ya tuna cewa tunda aka haifi yarinyar nan bai taɓa miƙa mata ko alewa hannu da hannu ba, kuma ga shi abu na farko da ta kawo masa da guminta ya ajiye a gida. Da ya koma Kuchigoro ya naɗe tsohon sirdin a buhu ya cusa shi can saman rufin ɗaki. Bai sake saukar da shi ba.

Wani zai ce ai sai ya faɗa mata, magana ce ta minti ɗaya. Haka ne. Ni ma da nake ba da labarin nan abin yana ci mini rai. Amma a faɗa mata da wane baki? Mutumin da bai taɓa ce wa 'yarsa girkinki ya yi daɗi ba, maganarsa ta farko da ita ta zama kyautarki ba ta yi ba? Da Yaya Maiturare na raye, da da yamma ɗaya an gama. Za ta ce, "Ke, uban nan naki dokinsa ƙashi ne zalla, mayar a canjo," a yi dariya a wuce.

Ya shiga neman hanyar da zai raba gardama tsakanin sirdi da doki. Ya ninka tsohon bargo ya sa a ƙarƙashi. Ya yanko soson katifa ya cusa ta gefe da gefe don goshin ya ɗaga. In ya ɗaura da safe yatsa yana shiga, amma mutum biyu uku suka hau, soso ya kwanta, sirdi ya koma inda yake.

Mahaya kuwa sai sambarka. "Yauwa Baba, yanzu ka zo gari!" in ji wani ma'aikaci da a da yake sauka yana ɗingishi. Mata masu tsoron kwacciya suka fara hawa. Masu hoton kafin aure suka gano farin doki da sirdi mai sheƙi, suka riƙa zuwa da riguna kala-kala, wani lokaci ango da amarya su hau tare. Akwai masu dawaki biyu a wurin bayan shi, amma layi a wajen Darakta yake. Wanda ya hau zagaye ɗaya sai ya ce a ƙara.

Kuma Hadijatu ta fara zuwa kowace Lahadi. Wannan shi ne abin da ya ɗaure Lukmanu ya fi igiya. Takan zauna a bencin Muhyiddeen tun la'asar, tana kallon mutane suna hawa suna yabawa. Ta kawo abokan aikinta su gani. Wata rana har ta yi masa magana kai tsaye ba gaisuwa ba, ta ce, "Baba, yau ka yi mutane." Shi kuma, ba tare da ya nemi mai hoto ba, ya ce wa kunnen doki, "Alhamdu lillahi." A duk rayuwarsu ba su taɓa kusantar juna haka ba, kuma ya ji daɗin abin. Ya ji daɗinsa ƙwarai, bai so ya ƙare.

Darakta ne yake biya. Da farko gashin wurin ya murje. Sai fatar ta yi zafi ta kumbura. Doki mai haƙuri da yara suke ja wa wutsiya ya fara kwantar da kunne in ya ga an ɗauko sirdi, yana lanƙwasa baya, har wata safiya ya kai wa Lukmanu cizo a hannun riga. Lukmanu bai buge shi ba. Ya dafa wuyansa ya ce, "Na sani. Wallahi na sani. Ka yi mini haƙuri zuwa bayan Sallah." Ya riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi da gishiri, ya shafa man kaɗanya, ya hutar da shi tsakiyar mako. Kumburin ya sauka ran Alhamis, ya dawo ran Lahadi.

Muhyiddeen ya ga wurin wata rana ana gyara bargon, ya riƙe baki. "Baba, wannan ba ƙaramin abu ba ne fa. Ka bari ni in faɗa mata. I swear ba za ta ji haushi ba, zamani ya wuce wannan abin naku."

"In ka faɗa mata," in ji Lukmanu, "ni da kai mun raba gari."

Bai taɓa yi wa yaron magana da wannan muryar ba, don haka Muhyiddeen bai sake tayar da zancen ba.

Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar damina. Ga zafi ga laima, ga ƙuda. Jabi ta cika ta batse, kwana uku doki bai huta ba. A rana ta ƙarshe da yamma wani ƙaton mutum ya hau, mai fara'a, yana ta ba 'ya'yansa dariya. Ba su kai gindin bishiyar ba Darakta ya yi wani nishi, ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe, ya durƙusa. Mutumin ya zame ya sauka lafiya, har yana ba da haƙuri wai shi ne ya ci nama da yawa. Allah ya sa Hadijatu ta tafi gaishe da dangin miji ranar.

Lukmanu ya ɗauki sirdin a kansa ya ja dokin a hankali har gida. Da ya zo cire bargon, ya tarar ya manne da fata. Sai da ya jiƙa shi da ruwa sannan ya ɓanɓaru, kuma abin da ya biyo baya ba jini kaɗai ba ne. Warin ya kori awakin maƙwabta.

Washegari Muhyiddeen ya zo da wata likitar dabbobi da ya sani, Felicity, mace gajera mai zafin nama, 'yar Filato. Ta sa safar hannu ta danna gefen mikin, ta zura wani siririn ƙarfe, ƙarfen ya yi ta shiga. Ta ɗago ta dubi sirdin da ke rataye a ƙusa, ta dubi Lukmanu.

"Baba, wannan saddle ne ya yi shi. Ya yi masa faɗi. Kai ba ka gani ba?"

"Na gani, Likita."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo shi."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga idon tsohon, ta fasa. Ta ce ciwon ya yi rami ya kai ƙashi, za ta wanke ta yi allurai, amma ba ta yi alkawari ba. Ko ya tashi, kada komai ya sake hawa bayansa har shekara ta juyo.

Lukmanu ya sa Muhyiddeen ya buga wa Hadijatu waya ya ce doki ba shi da lafiya, ciwon ciki ne, kada ta wahala zuwa Jabi. Ya daina fita. Ya tare a gindin turke yana korar ƙuda da mafici, yana wanke miki safe da yamma yadda aka nuna masa. Likitar ta dawo sau da yawa, wani zuwan ma ba a kira ta ba. Amma zazzaɓi ya riga ya shiga jiki. Darakta ya bar dusa, ya bar harawa, aka kawo masa rake ya sansana ya kau da kai. Wata safiya bayan an idar da sallar asuba Lukmanu ya dawo daga masallaci ya same shi a kwance. Ya zauna a ƙasa ya ɗora kan dokin a cinyarsa. Kafin rana ta yi zafi Darakta ya cika.

Maƙwabtansa 'yan gudun hijira ne daga Gwoza, mutanen da suka san rashi. Ba su ce masa ai dabba ce ba. Suka ɗauko diga da shebur suka haƙa rami a bayan gari, ƙasar da taushi saboda ruwa, suka taya shi ja. Lukmanu bai yi kuka a gabansu ba, amma da ya dawo ya ga turke da igiya a yashe, ya shiga ɗaki ya yi ta yi. Baƙin cikinsa biyu ne: ya rasa abokin zamansa, kuma ya san da hannunsa ya ja majayin nan kowace safiya.

Da yamma ya ɗauki sirdin ya juya cikinsa. A ƙarƙashin goshin akwai wani tabo baƙi mai faɗin tafin hannu. Ya wanke da sabulu, ya goge da toka, ya kankare da wuƙa. Fata ta riga ta sha. Ya mayar da shi ƙusa, ya juya tabon wajen bango.

Hadijatu ta zo ran Lahadi, karo na farko da ta taka Kuchigoro. Ta same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ta durƙusa ta yi masa jaje, ta ce bari ta share masa ɗakin tunda ta zo. Bai sami dalilin hana ta ba. Yana zaune yana jin ƙarar tsintsiya, sai ƙarar ta tsaya. Ta wata ɓular langa-langa ya hango ta. Ta sauke sirdin za ta kaɗe masa ƙura, ta juya shi, ta tsaya. Macen da take wanke zanen gadon marasa lafiya kullum ba sai an gaya mata tabon jini da mugunya ba. Ta sa yatsa ta bi gefen tabon, ta taɓa sawun wuƙar da aka kankare. Ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da shi yadda ta same shi, ta ƙarasa shararta.

Ta fito ta durƙusa. Babu kunnen dokin da zai kalla, babu Muhyiddeen, sai ya kalli turken.

"Baba, me likita ta ce ya same shi?"

"Ciwon ciki ne. Kwana ya ƙare."

"Allah ya mayar da alheri."

"Amin."

Can ta ce, muryarta a daidaice kamar ta yi ta maimaitawa a ciki, "Baba, akwai wani likita a wurin aikinmu, yana da doki. Ya daɗe yana neman irin sirdin nan. Tunda yanzu ba a aiki da shi, ko in kai masa?"

Lukmanu ya san babu wani likita. "A kai masa," ya ce.

Ta sa shi a buhu ta ɗora a ka, ta yi sallama. Uba ba ya raka 'yar fari. Ya bari ta yi nisa, ya ɗauki buta kamar mai zuwa masallaci, ya bi ta a baya ta tsakanin rumfuna. Kafin a kai titin filin jirgi akwai wata kwalbati. A nan ta tsayar da wani baban bola da ke tura kurarsa, ta sauke buhun ta jefa a kan tarkacensa. Mutumin ya leƙa ciki, ya ɗago yana tambayar nawa, ta yi masa alama da hannu ya tafi. Da ya wuce ta zauna a bakin kwalbatin, ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa.

Yana tsaye a bayan wani shagon kwantena, tazarar da in ya yi tari za ta ji. Ya so ya ƙarasa. Ƙafarsa har ta ɗaga. Amma in ya je, ta san ya gani, kuma duk wahalar da ta sha wajen ƙirƙiro likitan nan ta tashi a banza. Ya tsaya a wurin riƙe da buta har ta gama, ta share fuska, ta tare motar cikin gari ta shiga.

Yanzu Lukmanu gadi yake yi a wani gini da ba a ƙarasa ba a Lugbe. Bai sake sayen doki ba, ko da yake Muhyiddeen ya yi ta yi masa tayi. Hadijatu tana zuwa ran Lahadi da kular tuwo. A zuwanta na farko can, bayan sun gaisa, ya dubi tarin bulo ya ce, "Likitan nan ya ji daɗin sirdin?"

"Ya ji daɗi, Baba. Ya ce a yi maka godiya."

"Madalla," ya ce. Ya jawo kular ya buɗe.